Ran da iska ta karɓe tuƙi a hannun Habu

Assalamu alaikum, ɗana Sale. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Mu nan Kafin Hausa lafiya, sai ruwa da ya sake cinye hanyar gona.

Kwalekwalen da ka saya wa ƙaninka Habu ne ya hana ni sakat. Ran Talata ya loda gero, ya rufe da tampol, ya tokare tsakiyarsa da sanda kamar rumfa, wai mata su fake. Na ce, "Habu, kwantar da tampol ɗin nan a jikin buhu, ka kuma ɗauki gorar tuƙi." Ya ce, "Haba Baffa, filafili ya isa."

Suna kaiwa tsakiyar ruwa iska ta cika tampol, ta juya jirgi, ta maka su kan kututturen kukar da ke ƙarƙashin ruwa. Buhu biyu suka tafi, Allah dai ya tsare rai. Da ni aka sare kukar nan, na san inda take. Kuma gora ce ke gaya wa mutum abin da ke ƙasa.

Yanzu su Habu sun hana ni shiga jirgin, wai na tsufa. Ga shi jibi mahaifiyarka za ta haye zuwa asibiti. Ka buga wa Habu waya yau ya ɗauki gora, maganarka yake ji. In ya ƙi, zan zauna a gindin jirgin, sai dai su ɗauke ni cak.

Ka gai da Hajara da yara. A sa mu a addu'a.

Baffanka,
Ɗanladi