Nonon Abdulgani

Kurayyat, Jidda
4 ga Maris, 1989

Zuwa ga Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna: na yi ɗa. Kar ki fara ƙirga watanni irin naku na unguwarzoma, ba ni na haife shi ba. Sunansa Abdulgani, watansa ashirin. Ubansa Saleh abokin tuƙin maigidana Lado ne a Abhur, ya rasu bara, uwar ta bi shi watan jiya. Kakarsa ta tsufa, ko ɗaga shi ba ta iyawa, ta danƙa mana shi a gaban shaidu, ta ce halas, wato shi ke nan.

Shekara goma sha shida gidan nan shiru, yanzu ko salla a gaggauce nake yi. Madarar kwalba kawai ya yarda da ita, kuma "khala" yake ce mini, wato gwaggo. Lado kuwa ya sayo masa takalma ƙafa uku, babu wanda ya shige shi.

Ƙanwarki,
Fatu

Azare
27 ga Maris

Fatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba ku ladan riƙon maraya.

Kin san ni ba na ɓoye-ɓoye. Yaron nan ba muharraminki ba ne. Ran da ya balaga sai ki rufe kanki a gabansa, ba za ki ƙara shafa kansa ba, ke da kika wanke masa kashi. Mafita ɗaya ce, ya sha nononki kafin ya cika shekara biyu. Na ga macen da ba ta taɓa haihuwa ba ruwa ya zo mata, amma sau ɗaya tak.

Na ba Alhaji Musbahu, mai zuwa umara, gero da kanwa da kimba. Ki dama kunun kanwa safe da yamma, ki dinga sa yaron a ƙirji ko babu komai. Ban da kukan nan naki.

A gaishe da Lado.
Rabi'a

Kurayyat
14 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, kuka kuwa na sha shi duk da kin hana.

Kunu nake sha kamar mai jego. Maƙwabciyata Mastura, haifaffiyar nan, ta ƙara mini da hulba, har gumina warinta yake. Lado ya ce zama kusa da ni sai mai haƙuri. Yaron ya cije ni, ya ture ni, ya yi ta ihun kwalbarsa. Sati biyar, ko ɗigo babu. Mastura ta ce a wurin malamansu sai ya sha sau biyar ya ƙoshi. Na ce namu na gida ko sau ɗaya ya isa. Ta ce, "Yalla, samo ɗayan tukuna."

Tsoro nake ji, Yaya. Farkon Yuli zai cika shekara biyu. Jiya ya yi barci a bayana, na ji numfashinsa a wuyana, na ce wai wannan ne wata rana zan ɓuya masa.

Ki sa ni a addu'a.
Fatu

Kurayyat
16 ga Yuni

Yaya! Sallama da gaisuwa, a gurguje.

Ya zo! Ranar Talata bayan azahar ina shanya, yaron ya faɗi ya fasa kuka, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ɗauka ruwan wanki ne. Na ƙwala wa Mastura kira, ta fito ko takalmi babu. Ita ta yi dabarar ɗiga madararsa a kan nonon, ya kama don kwaɗayi, sai ga shi yana haɗiya. Yaya, da kunnena na ji ƙwat-ƙwat ɗin nan!

Don kar a bar wa kowa abin faɗa, sai da ya sha sau biyar cikin kwana uku, a gaban Mastura da kakarsa. A na biyar tsohuwar ta ce, "To, yanzu zan mutu hankalina kwance." Lado ya fita waje wai zafi ya dame shi, ya dawo ido jawur, washegari ya yanka rago.

Sunan ubansa na nan, Abdulgani Saleh, ba mu taɓa ba. Amma ɗana ne, Yaya, har a wurin Allah.

Taki cikin murna,
Fatu

Azare
5 ga Yuli

Maman Abdulgani,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Ni da na hana ki kuka, da ƙyar na kai ƙarshen takardar.

Na karanta wa Inna, ta ce in sake. Sai ta tambaye ni jikokinta nawa, na ce goma sha ɗaya. Ta ce ashe ban iya ƙirga ba. Ta ce a gaya wa sabon mijinta ba ta son miji daga nesa, ya zo ta gan shi tun idonta na gani.

Allah ya raya mana shi.
Yayarki,
Rabi'a