Gurbin Haƙoranka

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Yaya da yaranta. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Baba, bakin abin busar nan da ka ba ni, kilarinet, ya tsage. Na kai wa mai gyara, ya jujjuya shi ya ce, "Haƙoran mutum biyu ne suka cinye wannan. Bar shi ya huta."

Ya ba ni sababbi biyu in gwada. Ɗaya mai faɗi ne, sautinsa na kaiwa ƙarshen zaure, amma yana cin numfashi. Ɗayan matsattse ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, sai dai yana bin leɓena duk yadda na juya shi. Shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa mai faɗin yake so, don ranar Asabar ni kaɗai zan yi busa a tsakiyar waƙa, kuma in ba a ji ni ba, akwai mai jiran kujerata. Matsattsen na ɗauka. Kada ka faɗa wa Inna, ƙurar masaƙar da nake aiki ta ɗan taɓa mini ƙirji. Ba wani abu ba ne, ina shan magani.

Abin da ya fi damuna, sabon sumul yake. A naka, haƙorana kan faɗa gurbin naka da kansu. Yanzu sai na lalubi wurin ni kaɗai.

A sa ni a addu'a ranar Asabar.

Ɗanka,
Auta