Danƙon Shinkafar Tuwo

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Shagunan hatsi uku a kasuwar Singa. Gidan sama a Fagge. Makka sau biyu, na kai mahaifiyata. Da dako na fara, ba wanda ya ɗora min ko buhu ɗaya. Amma yau surukata Raudha za ta koya min shinkafa!

Likita ta ce jikata Ruwaida, 'yar Raudha, ba ita ba alkama har abada. Wani abu ne wai gulutin, shi ke tsuke mata ciki, shi ya ramar da ita. Na ce mene ne shi? Ɗana Ahmad ya ce abin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Shi ke nan na gane. Shinkafar tuwo, wadda ba doguwa ba ba gajera ba, ai danƙo ne da ita kamar ƙaro. Na hana ta shiga gidana.

Laraba, 7 ga Mayu

Raudha ta durƙusa: "Baba, danƙon shinkafa daban ne, sitaci ne. Na duba a waya." Na ce wayar ta taɓa ɗaukar buhu?

Asabar, 10 ga Mayu

Doguwar shinkafa mai warwara na kawo, ta fi kowacce kyau. Ruwaida ta ture kwanon. Na ce haba amaryata. Ta ce, "Na fasa aurenka, tsoho mai rowa. Tuwo nake so da masa." An yi dariya. Ni wuyan hannunta nake kallo, awarwaron har gwiwar hannu yake zamewa. Shekararta bakwai.

Na fita kasuwa, na dawo, na sake fita.

Talata, 13 ga Mayu

Sun yi mata masa a bayan idona, da waccan shinkafar. Ko cokalin fulawa ba a sa ba, in ji Raudha, tana kuka. Yarinya ta wuni tana murƙususu. Na ce ai na faɗa.

Na faɗa ɗin. To me ya hana ni zama?

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban gaya wa kowa ba. Na ƙulla shinkafar a leda, na tafi asibitin Sabon Gari wajen likitar, Dakta Ifunanya. Hausarta ta fi ta Ahmad. Na zube mata a tebur, na ce murza ki ji. Ta ce, "Alhaji, doguwa, gajera, ta tsakiya, duk babu gulutin. Ko danƙonta ya kama haƙori." Na ce to masar fa? Ta ce, "A ina aka markaɗa?"

Ban sani ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan masallaci na tsaya a injin bakin layinmu, da babbar riga, mata na kallona. Wata ta kawo alkamar funkaso, aka niƙa. Ta bayanta shinkafar masa. Bakin injin ɗaya ne, ko ɗauraya babu. Mai injin ya ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce iska nake sha.

Daga nan shago. Mudun da muke auna alkama, shi muke tsomawa a shinkafa. Tun yaushe? Tun da na buɗe.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na sayo ƙaramin inji sabo, na lantarki, na Ruwaida ita kaɗai. Buhun shinkafar tuwo da ɗinkinsa, ni na farke da hannuna, ba mudun da ya taɓa shi. Na miƙa wa Raudha, na ce a gwada, tunda kun matsa. Ba ta ɗago ba, ta ce to Baba. Yarinyar nan tana da kunya.

Mako guda ke nan Ruwaida tana cin tuwo da masa. Ciki shiru. Ɗazu ta lashe kwano ta nemi ƙari.

In an koma asibiti a gaya wa likita ta rubuta sunana: Alhaji Abdulmuminu ne ya gano injin, da ƙafarsa ya je. A rubuta shi sosai.

A sa na Raudha ma. A sama ko a ƙasa, duk ɗaya.