Kulake a Ƙofar Kamfani

Jamus, 9 ga Nuwamba, 1997

Zuwa ga Yaya Sailuba, Ƙofar Doka, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Rahmatu da karatu?

Ni lafiya lau, sai dai da hannun hagu nake wannan rubutu. Kin san gadi nake yi a kamfanin motoci. A talabijin shugabannin kamfanin suna cewa suna goyon bayan dokar rage hayaƙin mota, saboda duniya na ƙara zafi. Amma mu ne ke buɗe wa 'yan majalisa ƙofar baya, su ci su sha, dokar kuma ta kwanta.

Ranar Talata ɗalibai suka zo suna neman a bayyana da wa ake ganawa, me ake ƙullawa. Aka raba mana kulake. Shugaban masu gadi ya ce, "Jalo, kai ma shiga." Na ga an fasa wa wata yarinya kai, jini har cikin idonta, ba ta wuce shekarun Rahmatunmu ba. Na kife a kanta. Abokan aikina ba su daina duka ba, kulaken suka sauka a kaina. Hannun dama ya karye, haƙora biyu sun tafi.

An kore ni. Kwamitin majalisa ya kira ni shaida, kuma zan je in faɗi fuskokin da na gani.

Ki sa Malam Dogara ya yi mini addu'a. Ki ce wa Inna santsin ƙanƙara ne ya kayar da ni. Hotona da take nema kuwa, ta yi haƙuri sai kumburi ya sace.

Ƙaninki,
Jalo