Raliya a Bayan Labule

Nassarawa GRA, Kano

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da abokan aikinki na asibiti. Ki gaida Inna. Na ba Idi mai lodin Gumel wannan takarda don maganar ba ta waya ba ce, a gidan nan duk inda mutum ya tsaya akwai mai jin sa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Tun da ɓarin jikin maigidana Alhaji Ja'afaru ya shanye, tuƙi ya ragu. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka. To Yaya, akwai wani wuri a ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi yake taɓa katifa. Da fari ja kawai ya yi, na shafa hoda. Yanzu ya buɗe, faɗinsa ya kai murfin kwalba, tsakiyar ta yi baƙi, in na ɗaga zane wari nake ji. Turaren wutar Hajiya matarsa ne yake rufe shi.

Likita yana zuwa. Amma ranar zuwansa sai Alhaji ya ce a sa masa babbar riga da hula, a zaunar da shi a kujera. A gwada jini, a yi raha, a tafi. Ya ce min da bakin nan nasa da ya karkace, "Ƙasimu, abin da ka gani, kai kaɗai." Mutumin da ya yi shekaru ana rusuna masa a ofis, ba ya son a ga bayansa.

Kuma fa akwai nas a gidan. Raliya, matar ɗansa Hanif, bana ta gama makarantar koyon jinya, takardar izininta ta fito, tana jiran a kira ta aiki. Sai dai suruka ce. Kullum da safe a bayan labule take durƙusawa ta gaishe shi, ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ko sunansa ba ta faɗa. Maigadinmu ma Ja'afaru ne, "Mai Ƙofa" take ce masa. Hanif kuma yana Legas wurin aiki.

Me zan shafa?

Ƙanenki,
Ƙasimu

Gumel

Ƙasimu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tono, amma na karanta.

Kada ka shafa komai, hodar ma ka daina. Wannan gyambon kwanciya ne. Abin da kake gani a sama kaɗan ne, ta ƙasa yake ci. In ya kai ƙashi ko ya shiga jini yana kisa, ba tsoratar da kai nake yi ba. Ka riƙa juya shi duk bayan awa biyu, ka tokare shi da filo, kada wurin ya taɓa katifa. Amma dole wanda ya karanci abin ya gani da idonsa.

Maganar amana kuwa, ka tsaya a gabansa ka gaya masa ba za ka iya riƙe ta ba, sannan ka faɗa wa Raliya. Kada ka yi a ɓoye. In ya kore ka, gida yana nan, gero ya kusa nuna, dama muna neman hannu.

Allah ya ba shi lafiya.

Yayarka,
Zulaiha

Nassarawa GRA, Kano

Yaya Zulaiha,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Na yi yadda kika ce. Alhaji bai kore ni ba. Ido kawai ya rufe, tun daga nan in na ba shi koko sai ya sha bai dube ni ba. Wallahi gara zagi.

Raliya na samu a kicin tana yanka alayyahu. Ina faɗa mata ta ajiye wuƙa. Sai tambayoyi: wane launi, yana ruwa, jikinsa da zafi? Muryarta ma ta canza, ban taɓa jin ta haka ba. Ta miƙe da sauri har ƙofar ɗakin, tana isa labule ta tsaya cak kamar an ja mata birki.

Hajiya ta fito. Da ta ji zancen ta yi salati, ta ce, "Suruka ta buɗe bayan surukinta? A gidan nan? In labari ya kai wa iyayenki a Gawuna, cewa za su yi mun mayar da ke me?" Raliya ta ce to a kira likita. Alhaji ya ce daga ciki in don wannan ne, ba mai ganin sa.

Yanzu ga yadda muke yi. Tana tsaye a bayan labule, ni ina ciki da auduga da ruwan gishirin da ta sayo a kemis. "Ƙasimu, daga tsakiya zuwa waje." Ina yi. "Yana da zurfi?" In ce da dama. "Da dama kamar yaya?" Yaya, me zan ce? Ni mota na sani.

Jiya da la'asar jikinsa ya yi zafi. Raliya ta ce in haɗa da tata takardar.

Naki,
Ƙasimu

Zuwa ga Sista Zulaiha,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, duk da ba mu taɓa haɗuwa ba. Ƙasimu ya ce kin daɗe a wannan aiki, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto miki.

A makaranta na wanke irin wannan gyambo a jikin dattawa ba sau ɗaya ba. Amma a lokacin malamarmu tana tsaye a bayana, in hannuna ya kauce za ta ce "tsaya". Kuma dattawan ban san su ba, lambar gado ce ta haɗa mu. Yanzu na waiwaya babu kowa, majiyyacin kuma mahaifin mijina ne.

An koya mana kada mu taɓa mara lafiya sai da izininsa, shi kuma bai bayar ba. An koya mana mu tsare mutuncinsa, shi kuma a ganinsa mutuncin shi ne kada in gani. In na shiga, ban san da wane ido zan ƙara gaishe shi ba. In ban shiga ba, na san inda abin zai kai, kuma duk gidan ni kaɗai na sani. Na kira Hanif, ya ce in bi abin da Hajiya ta ce har ya dawo.

Ina neman shawararki. Na gode.

Raliya

Gumel

Ƙanwata Raliya,

Wa'alaikumus salam. Malama ba za ta ƙara tsayawa a bayanki ba, ma'anar takardar da aka ba ki ke nan. Ni a nan waɗanda suka goya ni nake yi wa allura, kuma da yamma in durƙusa in gaishe su.

Kin ce bai ba da izini ba. Ke kin nema? Ƙasimu ya yi magana, Hajiya ta yi, ke da kika san ciwon ba ki ce masa komai ba. Jikinsa ne, ba na Hajiya ba, ba na Hanif ba. Ki gaya masa gaskiyar abin ba ragi, ya zaɓa yana sane. Kunyarki ki riƙe abarki, ba wanda ya ce ki yar. Zazzaɓin nan dai ba zai jira jirgin Legas ba.

Allah ya dafa miki.

Zulaiha

Nassarawa GRA, Kano

Yaya Zulaiha,

Gaisuwa mai yawa. Bari in ba ki labari yadda ya faru.

Da hantsi sai ga Raliya cikin fararen kayan aiki, da farin hijabi. Ta durƙusa a bayan labule ta gaishe shi kamar kullum. Sannan ta ce, "Ƙasimu, ka ce wa Baba ciwon nan in an bar shi zai kai ƙashi, zai iya zama ajali. Ka ce masa ina neman izinin shiga."

Yaya, yadda na ji haka shi ma ya ji, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Amma na juya na maimaita masa.

Hajiya daga falo ta ce, "Raliya!" Ba ta motsa ba.

Alhaji ya ce, "Ka tambaye ta, ta taɓa yi?"

"Ka ce masa na yi, an gwada ni a kai, na ci."

"Ka ce mata ta shigo. Kai kuma juya ni bango."

Ta sa na rufe shi da zane biyu, sama da ƙasa, wurin kaɗai aka bari. Tana sa safar hannu ɗaya ta yage, ta sake wata. Ta matso kusa da ciwon. Ta duba, ta taɓa gefe a hankali, ashe ya yi rami a ƙarƙashin fata inda ni ban gani ba. Ta ce, "Ka ce wa Baba zai ji zafi yanzu." Na faɗa. Ya damƙe hannuna, bai yi ko tari ba.

Da ta gama ta ce, "Ka ce wa Baba akwai mataccen nama, sai likita ya cire. Wannan ya wuce aikina."

Ya ce, "Ka ce mata ta kira shi."

Ta fita da baya da baya. Daga baya na gan ta a bayan kicin zaune a kan turmi, ta rufe fuska da hijabi, ta daɗe. Likita ya zo da yamma, ya yi aikinsa, ya rubuta allurai. Hajiya kuwa ta daina amsa gaisuwar Raliya.

Ƙanenki,
Ƙasimu

Nassarawa GRA, Kano

Yaya,

Ina gaisuwa. Zazzaɓi ya tafi, ramin yana cikowa da jan nama. Hajiya ta fara amsawa, a taƙaice dai.

An kira Raliya aiki, da safe take fita. Ta ce in riƙa canza bandejin safe, ta nuna min. Alhaji yana fuskantar bango ya ce, "Ka ce mata zan jira ta taso. Hannunka kamar na mai faci."

Na juya na faɗa mata, har da na mai facin.

Ki gaida Inna. Sai na zo.

Ƙasimu