Tsutsar Tsamiya a Ƙasar Doka

Riruwai, Satumba 1955

Zuwa ga Luba, hasken idona, ruwan randa a tsakar bazara, tauraruwar da ba ta sauya wuri. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna.

Bayan haka, kin tuna ranar da kika fito zaure a Bebeji da mazari a hannu, kina kaɗa zaren tsamiya? Ranar na roƙe ki mu yi aure ki biyo ni nan. Ba ki ɗaga kai ba, kika ce tsutsar da ta tashi a kan tsamiya ba ta cin ganyen doka. Na yi dariya, na ɗauka zancen 'yan mata ne.

To, na gwada. Nan itatuwan doka ne ko'ina, sai duwatsu da ramukan kuza. Kin san ɗan malam-buɗe-littafin nan mai fari-fari da zane ruwan ƙasa, wanda tsutsotsinsa ke taruwa su saƙa gida guda, inda zarenki ke fitowa. Na ɗebo tsutsotsin daga wata tsamiya a hanyar Tudun Wada, na zuba a ƙwarya, na sa musu ɗanyen ganyen doka. Suka zagaya, suka zagaya, ko taɓawa ba su yi ba. Da na ga sun fara yamushewa, na hau keke na mayar da su.

Kin yi gaskiya, Luba! Amma su ko a ƙwaryar tare suke, jiki na gugar jiki. Ni fa? Ɗaki guda a barikin kamfani, tuwon saye, cikin mutanen da ba wanda ya san sunan mahaifina. Wa zan gaya wa ciwon kaina? Wa zai ce mini sannu da zuwa?

Ba zan sake roƙonki ki zo ba. Na shaida wa Baturen kamfani zan ajiye aikin akawu da kaka. Zan koma gonar Kawu Buba a Bebeji, ko da yake hannuna ya manta fartanya.

Abu ɗaya ke damuna, kuma na kasa warware shi da gwaji. Riruwai kika ƙi, ko ni? Ki aiko mini amsa ta hannun direban motar Kano. In ni ne, kada ki sakaya, faɗa mini. Duk da haka zan dawo, don gara in riƙa jin labarinki a kasuwar Bebeji da in zauna inda ba a taɓa jin sunanki ba.

Naki, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Isa