Miƙar da Nake Yi Bayan Azahar Za Ta Raba Ni da Ladanci

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure, manya da kuma yaran da suka fi manya baki. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake na san rabin mutanen unguwarmu ta Yara za su gane ni tun ban kai ƙarshe ba. Don girman Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake. Bokona iyakarsa firamare, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Ni tela ne a nan Keffi, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu tun gemuna yana baƙi. Kafin in hau keken ɗinki masinja ne ni a wata makarantar kwana, shekarun nan da arzikin man fetur ya buɗe, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da kanta ta kwaso malamai daga Indiya. Lokacin na faɗo daga kan keke da akwatin littattafai, ƙuguna ya riƙe, ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Wani siririn Ba'indiye mai koyar da lissafi ya ga halin da nake ciki, da birek ɗin rana kowa ya tafi cin abinci sai ya kira ni bayan aji, ya shimfiɗa tabarma, ya ce zai koya mini yoga. Na ce masa da ɗan Turancina, Masta, ni Musulmi ne, miƙar zan ɗauka, waƙoƙin da kake yi ka riƙe kayanka. Ya yi dariya, ya ce shi ƙuguna ne ya dame shi, ba ruwansa da addinina. Kafin damina ta fita na miƙe tsaf.

Tun daga nan ban bari ba. In kira azahar, a yi salla, in koma shago in tura ƙofa, in yi miƙata, sannan in ci abinci, don ba a yin ta da cikakken ciki. Mai ɗakina har ta gaji da mitar tuwonta na hucewa. Babu wanda ya sani, babu wanda na dama. Sai bana mai shagon ya raba shi gida biyu, ni da keke ma da ƙyar muke juyawa. Maƙwabcina Emeka mai kayan gyaran babur, haifaffen garin nan, ya ce Baba ga lungun bayan shagona, ka yi abinka, ba mai leƙowa.

Ku lura da nan, don nan ne aka zalunce ni. Mu an hore mu ba a miƙe wa gabas ƙafa, ba a kuma juya mata baya ana ɗaga ƙugu sama. In na fuskance ta kuma ina duƙawa ina ɗagowa, wani zai ce na ƙirƙiro sabuwar raka'a. Shi ya sa nake fuskantar kudu, saboda girmama alƙibla. Tabarma kuma tana zamewa a kan siminti, sai na ɗauko wata tsohuwar darduma.

Akwai shugaban kwamitin masallacinmu, bari in kira shi Alhaji Mai Kujera, don a kan kujera yake salla. Ban raina mai lalura ba, Allah ya ba kowa lafiya, amma shi tumbi ne lalurarsa, kuma na girme shi. Ya zo karɓar babbar rigarsa bai same ni ba, ya zagayo lungu, ya tarar da ni goshi a ƙasa, hannuwa a miƙe, a kan darduma, ina kallon kudu. Bai yi sallama ba, bai tambaye ni ba, ya juya. Kafin la'asar labari ya kai Angwan Iya, wai ladan ya mai da alƙibla kudu, garin iyayen su Emeka. Emeka ya je wajen 'yan kwamiti da kansa ya ce musu shi fa ko a coci bai taɓa ganin wannan salla ba, motsa jiki ne, aka ce ya yi shiru tunda shi ya ba da masauki.

Aka kira mitin bayan Juma'a. Na yi bayani har miyau ya ƙafe, Alhaji ya ce duk abin da ya fito daga masu bautar saniya ba alheri a ciki. Na ce to maganin hawan jinin da yake haɗiya kullum ya duba kwalin, daga ina ya fito in ba Indiya ba. Aka ce na yi rashin kunya. Na ce bari in nuna muku ku gani da idonku, na duƙa na dafa ƙasa ban lanƙwasa gwiwa ba, sai Alhaji ya daka salati, wai ga shi yanzu na shigo da ita har cikin masallaci. Liman yaro ne mai hankali, ɗan abokina ne, ni na ɗinka masa rigar saukar karatu. Ya ja ni gefe ya ce Baba na san ba salla kake yi ba, amma jama'a sun shiga shakka, ladan kuma ba a son a yi shakkarsa. Ya ce in yi wa kwamiti alkawarin na bari gaba ɗaya, a shago da gida, in ba haka ba ranar Juma'a mai zuwa in miƙa lasifika.

Wallahi na gwada bari. Ban cika mako ba, a sallar asuba na tafi ruku'u ɗagowa ta gagara, sai da na dafa na kusa da ni. Da azahar na shigo na tarar an ajiye farar kujerar roba a sahun gaba, daf da ta Alhaji, yana ta murmushi yana buga mata hannu, wai bisimilla Malam Ladan. Ranar ko tuwon ban ci ba, na koma lungun Emeka na yi miƙata da fushi.

Alkawarin ƙarya ba zan yi ba, a wannan shekarun ba na ɓuya kamar mai shan taba a bayan gida. Lasifikar nan kuma ba albashi ake ba ni ba, amma akwai tsofaffin da suka ce in ba muryata suka ji ba gani suke gari bai waye ba, ni ma ban san abin da zan yi da bakina ba in asuba ta yi.

To ku faɗa mini, in bar miƙa in riƙe kiran salla, in ƙarasa rayuwata ina sujada da ka a kan kujera kusa da mutumin nan? Ko in riƙe ƙuguna, in ci gaba da sa goshi a ƙasa, ina kwance ina jin ƙanin matarsa da yake so a ba wa lasifikar yana yanka mini kiran asuba? Malaman da ke cikinku su yi magana da hujja, zan ji. Saura kuma, duk wanda zai ce mini Baba ka yi haƙuri, ya fara tashi ya taɓa yatsun ƙafarsa tukuna.